Lambar Da Take Zuwa Aiki

A gidan wankin da Tururi yake aiki, ba a kiran suna da safe. Akwai wani allon katako a bakin ƙofa, an kafa masa ƙusoshi jere-jere, rabi an shafa masa baƙin fenti, rabi fari. Kowane ma'aikaci yana da lambarsa ta tagulla, zagayayya kamar marfin kwalba, da ɗan rami a sama. In ka zo aiki, ka cire ta daga baƙi ka rataya a fari. In an tashi, ka mayar. Da hantsi Akawu zai fito daga ofis, ya tsaya gaban allon da hannuwa a baya, ya duba wanda ya zo da wanda bai zo ba, ya koma. Can ciki kuwa, inda injina suke ruri, ba ya shiga, domin zafin wurin yana rufe masa tabarau.

Tun kafin a ɗauki Tururi, ma'aikatan suna da wani abu da suke yi a tsakaninsu. In mutum ya kwana da zazzaɓi, ko matarsa tana kan gwiwa, sai ya aika wa Baba Tukunya. Baba dattijo ne, shi ke kula da babbar tukunyar da take ba injina zafi, don haka shi ke riga kowa zuwa. Sai ya ɗaga lambar mutumin ya rataya a fari tare da tasa, sauran kuma su raba aikinsa a tsakaninsu. Ƙarshen wata albashinsa ya fito cif. Suna kiran abin ɗaukar wa mutum lamba. Babu wanda ya taɓa kallonsa a matsayin cuta, tunda zannuwan gadon otal suna fita a wanke a goge, ko hannun wa ya goge su.

Shi Tururi a injin guga yake, inda ake tura jiƙaƙƙen zane ta wannan gefe ya fito a bushe ta wancan. Kullum a cikin farin hayaƙi ake hango shi, daga nan sunan ya bi shi. Da tari ya kama shi, sai ya ce ai zafin inji ne. Da ya fara zufa a kwance har katifa ta jiƙe, ya aika wa Baba cewa a ɗaukar masa lamba na kwana biyu.

Kwana biyun nan a gadon asibiti suka same shi. Aka ɗebi kakinsa, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ta ce tarin fuka ne. Ta ce ana warkewa, amma sai an sha magani na watanni ba fashi, kuma kada ya kuskura ya koma cikin hayaƙin nan sai huhunsa ya yi ƙwari. Da aka sallame shi, ya tarar Yayarsa ta riga ta kai matarsa da 'yarsa gidan surukai, don yarinyar ƙarama ce, ɗaki kuma ɗaya ne.

Duk wannan lokacin lambarsa tana zuwa aiki. Kowace safiya tana tashi daga baƙi ta koma fari, ba ta taɓa makara ba.

Matsalar ita ce gidan Akawu yana tsallaken titi, daidai saitin ƙofar Tururi, matarsa kuma tana da tebur a waje tana sayar da sabulu da ashana, tun safe har yamma. Mutumin da allo ya ce yana wurin aiki ba zai yiwu a gan shi zaune a ƙofar ɗakinsa ba. Sai Yaya ta samo dabara. In ta kawo masa abinci da sassafe kafin ta wuce makarantar da take shara, sai ta ja ƙofar titi ta saka kwaɗo daga waje. Duk mai wucewa ya ga ɗaki a kulle, mai shi ya fita. Akwai wata ƙaramar ƙofa ta baya da ke ɓullewa lungu, ta nan yake zagayawa bayi, ta nan yake sulalewa asibiti karɓar magani.

Ya koyi zama kamar babu kowa. Takalmansa ya shigo da su ciki. Rediyo sai ya manna ta a kunne. In tari ya taso, ya danna fuska cikin matashi, ya yi ta yi har idanunsa su kawo ruwa. Likita ta ce ya riƙa buɗe taga, ya sha iska, ya sha hantsi. Tagar kuwa titi take kallo, labulenta a sake. Abin da yake samu na rana shi ne wani ɗan siririn haske da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, ya yi rarrafe a kan siminti, ya hau ƙafar gado, ya ɓace.

Kofinsa ɗaya, Yaya ta ɗaura masa jan zare a hannu don kada ya haɗu da na kowa, ko da yake babu wani kowa a ɗakin. Takalmin 'yarsa ƙwaya ɗaya ya samu a ƙarƙashin gado, an manta da shi garin sauri. Ya wanke shi, ya ajiye a kan akwati. Da yamma matarsa takan kira, ta sa wa yarinyar waya a kunne.

"Uwata," yakan ce da muryar raɗa, "kin ci abinci?"

Yarinyar ba ta gane muryar ba, sai ta ture wayar.

Motar gidan wanki takan bi ta titin da rana, ɗauke da kayan otal. Ya san ƙarar injinta. In ta wuce, ƙamshin sabulun wanki yakan ɗan tsaya a iska, shi kuma sai ya ga kansa yana miƙa hannuwa kamar zai kama bakin zane. Abokan aiki ba sa zuwa. Ba ƙi suka yi ba. Wa zai zo duba mutumin da allo ya ce sun yini tare a wurin aiki, a gaban idon matar Akawu?

Wata safiya Yaya ta ajiye kwanon abinci, ba ta juya ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ja gyalenta ta rufe hanci.

"Auta, sai yaushe za ka daina zaman ɓarawo a ɗakin da kake biyan haya?"

"Yaya, ki rage murya."

"Ka ji ko? Ni da ɗakin ƙanena sai na yi raɗa. Jiya na tambayi mai kula da ma'aikata a makarantarmu. Ya ce kamfani irin naku yana da albashin jinya. Ka kai takardar likita, a rubuta ka a marasa lafiya, a riƙa biyan ka kana kwance. Da farko cikakke, in ciwo ya ja, a rage, amma ba a tsayarwa, kuma gurbinka yana nan. Haƙƙinka ne, ba roƙo ba."

"Na san da shi."

"Ka sani? To me kake jira, a kawo maka a faranti?"

Ya nuna mata takardar da likita ta ba shi. A jikinta an rubuta ranar da aka kwantar da shi da ranar da aka sallame shi. Ranakun nan duka, lambarsa tana rataye a fari.

"In na kai wannan, tambayar farko da za a yi mini ita ce wa ya rataya. Baba saura kaɗan ya yi ritaya. In aka kore shi a kan wannan, ko kuɗin sallama ba zai samu ba."

Yaya ta dubi takardar. Sannan ta ce, "In kuma su suka gano da kansu fa? Ranar da Akawu ya goge tabarau ya leƙa ciki? Kai da Baban duka za ku tafi, kuma kai da ciwo a ƙirji. Lamba ta kwana biyu ce, Auta. Ba a yi ta don watanni ba."

Ta fita, ya ji ƙarar kwaɗo.

Ranar karɓar magani ya gwada wata hanya. Bayan likita ta auna shi, ta ce nauyinsa bai ƙaru yadda take so ba, sai ya murza hularsa a hannu, ya ce ko za ta taimaka ta sake masa takarda, ta rubuta cewa wannan makon ciwon ya fara.

Ta ɗago ta dube shi ta saman takunkuminta. "Malam, huhunka ne a hoton nan, da kwanan wata a jiki. In na canza a takarda, a hoton fa? Ba zan iya ba. Amma gaya mini, kana shan iska kuwa? Fatarka ta yi kama da ta wanda aka ajiye a cikin akwati."

Ya yi dariyar yaƙe, ya karɓi ƙwayoyinsa, ya bi lungu ya koma.

Da maraicen wannan ranar aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Baba Tukunya ne, da kayan aikinsa a jiki, ya tsaya nesa kaɗan ya jingina da bango. Hannunsa na dama naɗe da bandeji har wuyan hannu.

"Ɗan nema, kana nan kana ƙiba, mu muna can muna narkewa."

"Baba, me ya sami hannun?"

"Injinka ne. Ba ya son baƙo. Na tura zane, ya ce shi hannu yake so." Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Ba komai, fata ce kawai."

"Kai ne a kan injin guga? Tukunyar fa?"

"Ina leƙa ta, ina leƙa shi. Mai Ninki tana barin ninke kaya ta kama mini in ta samu sarari, sai dai ita ma bayanta ya fara magana. Yaran nan kuma sun fara ƙunƙuni, wai tun yaushe. Na ce musu ranar da aka ɗaukar muku ba ku tambayi tun yaushe ba." Ya gyara tsayuwa. "Kai dai ka sha magani. Muna riƙe da kai."

Tururi ya buɗe baki zai yi maganar albashin jinya. Sai ya kalli bandejin, inda ruwan ƙuna ya ɓullo ya yi rawaya, ya kalli idanun dattijon da suka faɗa ciki. Sai ya canza magana.

"Likita ta ce watanni ne, Baba."

"Na ji."

"Ba za ku iya ba."

"Wa ya ce maka? Tun kana cikin tsumman goyo nake rataya lambobi a allon nan. Ba a taɓa kama ni ba, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ofis ya kai kansa. Ofis ba wurin zuwa ba ne, yaro. In ka shiga da ƙafa biyu, da ɗaya za ka fito."

Bayan tafiyarsa Tururi ya zauna a bakin katifa har abincin ya huce. Ya ga abin sarai. In ya yi shiru, wata rana injin zai ci fiye da fata, ko wani cikin masu ƙunƙuni ya yi suɓul da baka, a kore shi babu albashi babu jinya, matarsa da 'yarsa su zauna gidan surukai ba ranar dawowa. In ya yi magana, ya tona mutanen da suka rufa masa asiri.

Washegari ya ce wa Yaya kada ta saka kwaɗo. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, wadda yanzu take lilo a jikinsa, ya ɗaura takunkumi, ya fita ta ƙofar titi. Hasken rana ya soke masa ido har sai da ya dafa bango. Matar Akawu ta bar ƙirgen ashana ta bi shi da kallo.

A bakin ƙofar gidan wanki ya tsaya gaban allo. Lambarsa tana fari, kusa da ta Baba. Ya cire ta, ya mayar da ita baƙi, ya wuce ofis.

Mai kula da ma'aikata wata mace ce da ake kira Uwar Biro, don kullum da biro soke a ɗankwalinta. Ta buɗe taga, ta nuna masa kujerar da ke nesa, ta karanta takardar likita a hankali. Sannan ta kira Akawu ta tambaye shi ko wannan bawan Allah ya taɓa fashi.

"Ko sau ɗaya," in ji Akawu. "Yana cikin masu ƙoƙari."

"To," ta ce, bayan Akawu ya fita. "Wa ke rataya maka?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Nakan zo da sassafe in rataya in koma."

"Daga gadon asibiti?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da ƙarin ruwa a hannunka kake tahowa, ko kana cire shi ka ajiye?" Ta zare biron daga ɗankwali, ta juya shi a yatsunta. "Malam, ba sai ka faɗa ba. Mutum ɗaya ne yake da makullin ƙofar nan da asuba. Abin da ke ba ni haushi da ku, da ranar farko ka aiko da takardar nan, da yanzu kana kwance ana biyan ka, babu wanda ya ƙone hannu. An tanadi abin nan dominku, ku kuma kuna gudunsa kamar sammaci."

"Ni dai roƙona, kada a taɓa Baba. In kora ce a kore ni."

"In na kore ka, wa zai sayi abincin da za ka sha maganin da shi? Je ka gida. Zan kai maganar sama."

Da ya fito, ƙofar ɗakin injina a buɗe take. Ta cikin farin hayaƙi ya hango Mai Ninki ta tsaya da tawul a hannu, da wasu samari biyu. Ya ɗaga musu hannu. Ɗaya ya juya baya. Baba bai fito ba.

Hukuncin bai daɗe ba. An rubuta Tururi a marasa lafiya tun daga ranar da aka kwantar da shi, albashin jinya zai riƙa shigar masa, gurbinsa yana jiran sa, an ɗauki wani na wucin gadi a injin guga. Baba ba a kore shi ba, amma an dakatar da shi na ɗan lokaci ba biya, an karɓe makullin asuba an ba maigadi. Allon kuwa an ɓamɓare shi. An kafa wata na'ura a gurbinsa, wadda sai ka ɗora yatsanka ta yarda ka zo. Yatsa ba a aika shi.

Yanzu Tururi ya buɗe taga, ya ɗage labule. Da hantsi yakan fito da tabarma ƙofar ɗaki, ya zauna rana ta dake shi. Yana tari a fili, yana kunna rediyo yadda yake so. Ranar da wayarsa ta yi ƙara, saƙon albashin jinya ya shigo, ya tura wa matarsa na cefane, ya biya haya, ya sayi ƙwai da madara kamar yadda likita ta ce. Ya zauna da wayar a hannu yana neman wanda zai gaya wa, bai samu ba sai Yaya.

Ya yi zaton tunda ɓuya ta ƙare za a fara zuwa. Ba a zo ba. Yaya ta jiyo masa labari cewa Mai Ninki ta yi fashi ranar da ɗanta ya faɗo daga keke, an yanke mata albashi, ta ce a gaishe da Tururi, a ce masa ta gode. Motar gidan wanki tana wucewa, direban da a da yake danna masa hon yanzu sai ya kalli gabansa. Matar Akawu ce kaɗai take ɗaga murya daga tsallake ta ce, "Maƙwabci, ya jiki?" Ita ma ba ta tsallakowa.

Nauyinsa ya fara dawowa. Likita ta ce kakinsa ya wanke, in aka ɗan ƙara lokaci iyalinsa za su iya dawowa. Ya share ɗaki, ya shanya katifa a waje, ya mayar da takalmin yarinyar inda za ta gan shi da ta shigo.

Wata yamma yana zaune a tabarma sai ga Baba Tukunya ya karyo kwana, ta titi, ba ta lungu ba. An cire bandejin, fatar hannun ta yi fari-fari. Bai yi sallama da fara'a ba. Ya tsaya a kansa.

"Maci amana, ashe kana raye."

Tururi ya yunƙura zai tashi. "Baba, wallahi ban faɗi sunanka ba."

"Na sani. An ce cewa ka yi da ƙarin ruwa kake zuwa rataya lamba. Ko ƙarya ba ka iya ba, kai kam." Ya sa hannu a aljihu ya daɗe yana lalube. "Za su zubar da su cikin shara, na ce a ba ni."

Lambar Tururi ce, tagullar ta dushe a inda yatsu suke kamawa. Baba ya duba bango, ya ga ƙusar da Yaya take rataya kwaɗo, ya maƙala ta a nan.

"Mutane suna fushi da ni, Baba."

"Suna yi. Ni ma ina yi." Ya kalli tabarmar. "Jiya wani cikin yaran ya kwana da ciwon haƙori, ya zo yana tambayata yadda ake kai takardar likita. Na ce ni ban sani ba, ya zo ya tambayi gwani."

"Zai zo?"

"Oho. Matsa mini, ƙafafuna sun gaji."

Tururi ya matsa can ƙarshen tabarma, ya bar fili mai yawa a tsakaninsu. Baba ya zauna a ɗaya ƙarshen, ya miƙe ƙafafu. Motar gidan wanki ta zo ta wuce, ƙamshin sabulu ya ɗan tsaya a iska, su biyun suka bi ta da kallo har ta sha kwana.